Ranar Su a Tafkin Gari Uku

A can wani zamani, akwai garuruwa uku da suka haɗa tafki ɗaya. Kakanninsu sun zauna sun ƙulla alkawari: ba mai taɓa kifi sai ya gama ƙwai, sannan a taru rana ɗaya a yi su, a raba. Da bandar kifin nan ake tsallake yunwa kafin sabon hatsi ya nuna.

To, akwai wani mutum, Jatau. Wata rana mutane suna gona, ya sulale tafki ya ciko kwando.

Matarsa Ladingo ta ce, "Malam, wannan fa duk mai ƙwai ne."

Ya ce, "Kwando ɗaya ne. Hura wuta."

Maƙwabcinsa ya ga sawu a laka, ya ce kwando ɗaya ne, shi ma ya shiga. Mutanen ƙetare suka ji, suka ce kwando ɗaya ne.

Ranar su ta zo. Aka buga ganga, maza suka faɗa ruwa, mata suna guɗa. Har la'asar ba abin da aka fito da shi sai kwaɗi.

Tsohuwar da ke rabon kifi ta kife ƙwaryarta. Ta ce, "Ba na tambayar wanda ya fara. Wanda bai taɓa ba ya ɗago kai."

Ba wanda ya ɗago.

Da damina ta yi tsakiya, rumbuna suka ƙare. Jatau ya ɗauki ƙaramar 'yarsa a tabarma zuwa maƙabarta, ba ta ko kai nauyin kwando ba.