Mai Shara a Kufan Gede

"Wallahi yau sai ka kai ni! Na gaji da warin kifin nan, Lali!"

Swabra ce tsaye a cikin jahazin mijinta, jirgin ruwansa na dakon kaya, ta riƙe ƙugu, iskar tashar Malindi tana ta wasa da mayafinta.

Lali ya ɗago daga igiyar da yake naɗewa yana murmushi. "Amarya, ga gari guda a gabanki. Ki sauka ki zaga son ranki."

"Ba Malindi na ce ba, Gede na ce. Tun muna Lamu ka yi min alkawari, gaban Mamanka kuwa."

"Me za ki gani a can? Rusassun ganuwa ne fa kawai, sai birai..."

"To ai 'yan uwanka nake son in gaisar."

Dariya ta ƙwace masa har igiyar ta suɓuce. Da ma ita Swabra ta san lagonsa, in dai ya yi dariya to magana ta ƙare. Ya bar jirgin a hannun abokan aikinsa, ya saka farar hularsa, suka sauka.

Aurensu sabo ne fil, lallen hannunta ma bai gama gogewa ba. Kaya ya ɗauko zai kai Mombasa, ta ce ƙafarsa ƙafarta. Duk Lamu kuwa babu wanda bai san tushen auren nan ba. Mahaifinta Bwanaheri, wanda ake kira Nahoda, wato shugaban jirgi, da mahaifin Lali, Famau, aminai ne. Jirgi ɗaya suka shiga da lodin itacen gini a lokacin da teku ke hauka, jirgin ya nutse, ba a ga ko hular ɗayansu ba. Lokacin tana 'yar firamare. Zaman makoki ne ya haɗa gidajen biyu, soyayya ta zo daga baya ta tarar da ƙofa a buɗe.

Motar haya ta ɗauke su ta bar bakin teku, ta sauke su a bakin kurmi. Suna shiga kufan sai hayaniyar duniya ta ɗauke. Ga katangun dutse, saiwoyin kuka sun nannaɗe su, ga rijiyoyi sun ƙafe, ga ƙofofi a tsaye babu ɗakunan da za a shiga.

"Ka ga nan ne ɗakina," in ji Swabra, ta tsallaka wata guntuwar katanga. "Kai kuma can wajen rijiya za ka kwana."

"Daga zuwa har kin kore ni?"

"Sai ka yi biko."

Tana cikin dariyar ne suka ɓullo wani tsohon masallaci da ba shi da rufi. Wani dattijo ne a ciki, ya duƙa yana share ganye daga wajen tsayuwar liman. Zanensa ya koɗe, gemunsa fari tas.

Lali ya yi masa sallama. Dattijon ya amsa yana ɗagowa. Idonsa ya wuce Lali ya sauka a kan fuskar Swabra, sai tsintsiyar ta faɗi daga hannunsa.

"Mwanaesha...?"

Sunan mahaifiyarta ke nan.

Ta ƙura masa ido. Ga tabon da igiya ta yi masa a gira, wanda take shafawa da yatsa tana ƙarama. Ga muryar da ke tashinta sallar asuba. Ta dafa katanga.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un... Lali! Lali, ka riƙe ni! Fatalwa ce ko kuwa ni ce na haukace?"

"Mene ne? Kin san shi ne?"

"Baba ne!"

Lali ya ja da baya kamar an watsa masa ruwan zafi. Dattijon kuwa bai musa ba, bai gudu ba. Zama ya yi daɓas a kan dutse.

"Swabra..." ya ce a hankali. "Kin zama uwarki sak."

"Kada ka kira sunana! Mun yi maka sallar gawa babu gawa! Mun yi sadakar uku da ta arba'in! Mama ta yi maka takaba, ta ƙi kowa, ta ƙare rayuwarta tana leƙen teku ta taga!"

"Ta ƙare...?"

"Ta rasu, Baba! Bara waccan ta rasu!"

Ya rufe fuska da tafukansa. Kukan tsoho ba shi da daɗin ji, amma a lokacin Swabra ba ta ji tausayinsa ko ƙanƙani ba. Haushi ne ya cika ta, da wani irin farin ciki da ta ji kunyar jin sa.

Muryar Lali ta fito a dushe. "Nahoda, in kai kana raye... ina ubana?"

"Allah ya ji ƙan Famau." Ya ɗago jajayen idanunsa. "Kai ne Lali? Kai ne ɗan da ke bin mu bakin ruwa?"

"Tambayarka na yi."

"Ya ce kada mu tashi. Ya ce lodin ya yi yawa, iskar ba ta tafiya ba ce. Na ce ni ne nahoda, na kira shi matsoraci a gaban mutane. Don kunyata ya shiga jirgin." Ya kawar da kai. "Ni teku ta tofo ni, shi ta karɓe shi. Da wane ido zan kalli mahaifiyarka? Na juya wa ruwa baya, na yi ta tafiya har na zo inda ba a jin ƙararsa. Nan na ga garin da mutanensa suka gudu suka bar shi, na ce ya dace da ni."

Can sama birai suna ta tsalle a rassa, ba ruwansu.

Idon dattijon ya kai kan lallen hannun Swabra. "Aure kika yi?"

"Ga mijina nan. Wanda ka kashe wa uba."

"Wa ya ba da ke?"

"Baffa Kombo. Wa kake so ya bayar, tunda ka mutu?"

"La haula wa la ƙuwwata..." Ya dafe kai. "Kombo ba shi da wannan ikon ina numfashi. Ko ba a san inda nake ba, alƙali ne zai tsaya, ba ƙanena ba. Yaro, in ka yi karatu gaban malamai, faɗa mata."

Swabra ta juya ga mijinta tana jiran ya yi tsaki, ya ce tsufa ne ke damun mutumin. Sai ta ga fuskarsa ta yi fari fat.

"Lali? Me yake nufi?"

"Gaskiya ya faɗa." Da ƙyar maganar ta fito. "Haka malamanmu suka karantar da mu. Auren... sai an sake ɗaurawa. Kuma tunda ga shi, shi ne zai ɗaura."

Ta san yadda ake yi, duk 'yar Lamu ta sani. Ango zai zauna gwiwa da gwiwa da waliyyi, ya sa hannunsa cikin nasa, ba zai saki ba sai an gama.

Lali ma abin da yake tunani ke nan, don hannun dattijon yake kallo.

"Wannan hannun zan riƙe? Wanda ya ja ubana cikin jirgi? Wallahi gara..." Bai ƙarasa ba, ya juya ya fice daga masallacin.

Ta tsaya a tsakiya, gaba kura baya sayaki. Ga uba a zaune yana kuka, ga miji yana ɓacewa a bayan katanga. Ta tattare mayafinta ta bi mijin da gudu.

A bakin wata ƙafaffiyar rijiya ta cim masa. Ta miƙa hannu za ta kama damtsensa kamar yadda ta saba, sai ya goce.

"Kada ki taɓa ni, Swabra."

Ta daskare a wurin. Ko mari ya yi mata da bai kai wannan zafi ba.

"Ni ce fa... amaryarka."

"Ba ƙinki nake ba, rabin raina. Allah ya sani. Ban san mece ce ke a wurina ba a wannan sa'ar, shi ne kawai." Hawaye suka zubo masa. "Da safe na tashi da mata da kuma uban da ya yi shahada tare da amininsa. Dubi yanzu! Ni na ce kada mu zo wurin nan!"

"To mu koma jirgi," ta ce tana shessheƙa. "Mu ce ba mu ga kowa ba. Wa ya sani?"

Ya dube ta, ta dube shi. Su duka biyun sun san ba za su iya ba.

Ta share fuska da gefen mayafi. "Ka ji ni da kyau, Lali. Haushinsa da nake ji ya fi naka. Kai uba ya raba ka da shi, ni uba da uwa ya raba ni da su. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ba zan ce ka yafe masa ba, ban isa ba, ni ma ban yafe ba. Abu ɗaya na sani: hanyar da za ka bi ka same ni, ta wajensa ta ratsa. In ta fi ƙarfinka, ka mayar da ni Lamu gidan Baffa, ba zan ga laifinka ba..."

Muryarta ta karye. "Amma zan mutu, wallahi zan mutu."

Ya daɗe yana kallon cikin rijiyar. Sannan ya juya ya nufi masallacin, tana biye da shi daga nesa.

Dattijon yana nan inda suka bar shi.

"Tambaya ɗaya gare ni," in ji Lali. "Ka ga lokacin da ya nutse?"

"Ban bar shi a ruwa ba."

"Me ka ce?"

"Na riƙe shi a jikin itace har gari ya waye, amma rai ya riga ya yi halinsa. Na jawo shi gaɓa, arewa da Ngomeni. Wasu masunta suka taimake ni."

Lali ya matso kusa da shi. "Kana nufin... ubana yana da kabari?"

"Ƙarƙashin wata tsamiya. Duk shekara kafin azumi ina zuwa in cire ciyawa. Ta bayan gari nake bi, don kada in ga ruwan."

"Allahu Akbar! Mama tana can tana cewa kifi ya cinye mijinta, har kifin teku ta daina ci! Ashe yana kwance a ƙasa kamar kowane Musulmi!" Ya durƙushe a gaban tsohon, kuka ya ci ƙarfinsa. "An yi masa wanka?"

"Ni na yi masa."

"An sallace shi?"

"Ni na ja sallar. Ni na sa shi a kabari, na juya fuskarsa alƙibla."

Swabra ta toshe bakinta da mayafi. Tana kallo Lali ya ƙura wa hannayen nan ido, busassu, duk sun yi kanta saboda tsintsiya.

"Ban yafe ba tukuna," ya ce. "Za ka shiga jirgina, ka nuna min kabarin. Daga nan mu wuce Lamu, ka tsaya gaban mahaifiyata ka faɗa mata abin da ka faɗa min, da bakinka."

Dattijon ya girgiza kai. "Teku...? Yaro, na rantse ba zan kuma..."

"Baba," Swabra ta katse shi. Wannan ne karo na farko da ta kira shi a tausashe. "Kunya ta ci maka Mama. Kada ka bari ta ci maka ni."

Ya kalle ta, ya sunkuyar da kai. "Zan shiga."

Bayan sallar azahar aka yi abin, a ƙaramin masallacin ƙauyen da ke bakin kufan. Limamin ya saurari labarin yana ta salati, ya ce abin da ya wuce rashin sani ne, babu zunubi a kan kowa. Ya tsayar da mutum biyu daga cikin masallata su zama shaidu.

Ita Swabra a waje ta zauna, jikin taga, kan tabarmar da wata tsohuwa ta shimfiɗa mata. A ɗaurin aurenta na fari akwai kiɗa da turare da farantan halawa. Yau ko kwalli babu a idonta.

Ta leƙa. Ga su gwiwa da gwiwa. Mahaifinta ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, har liman ya yi gyaran murya.

Sai Lali ya kama shi, da hannu biyu.

"Na aurar maka da 'yata..." Muryar tsohon ta sarƙe, ya sake farawa. "'Yata, Swabra..."

"Na karɓa," in ji Lali, da ƙarfi, har na waje suka ji.

Ta kifa kanta a gwiwa ta saki kukan da take ta dannewa. Tsohuwar nan ta dafa bayanta tana tambaya, "'Yar nan, na murna ne ko na baƙin ciki?"

"Ban sani ba, Iya," ta ce. "Da ma Mamata ta ji muryarsa."