Muryar Mai Aski

Ƙarar ta shigo da hantsi, Sufeto yana tsaka da faɗa da fankar ofishinsa da ta ƙi juyawa. Mutum biyu suka kawo ta. Na farko manajan kamfanin da ke shirya wasan kokawa a babban zauren gari, ya ɗauka a bidiyo ya sayar wa masu kallo a tasharsa. Na biyu jami'in kare haƙƙin mallaka na kamfanin, wani siriri mai tabarau, wanda masoya kokawa suka laƙaba wa Tsintsiya saboda yadda yake sa a share shafukansu a intanet.

Manaja ko zama bai yi ba ya fara zuba. Wasan ƙarshe na cin kambu tsakanin Guduma da Baƙin Hadari, an ɗauke shi ne bayan an karɓe wayar kowa a bakin ƙofa, sai ƙarshen mako za a nuna. Amma ga shi kayen ƙarshe ya riga ya fito a shafin wani mai aski, duk gari ya san wanda ya sha ƙasa. Wa zai biya ya kalli abin da ya san ƙarshensa?

"Yallaɓai, ɗauri nake so," in ji shi. "A kansa sauran za su shiga taitayinsu."

Tsintsiya ya ajiye filash mai ɗauke da bidiyon a kan tebur cikin ladabi. "Ga hujja, ranka ya daɗe. Daga shafin nasa na sauke shi da hannuna, kafin in sa a rufe shafin."

'Yan sintiri sun riga sun kamo Mai Aski, yana bayan kanta, shagonsa a garƙame. Washegari za a kai shi kotu. Shi kuwa Sufeto, a aikinsa babu abin da ya tsana kamar ƙarar da ta zo da mai laifinta a ɗaure. Ya jefa filash ɗin a durowa, ya sallame su.

A bakin ɗakin tambayoyi wata tsohuwa ta tare shi. Mahaifiyar Mai Aski ce, tun safe tana kan benci. Ta ce da almakashin yaron nan ake ciyar da ita da marayun 'yarta, in aka ɗaure shi gidan ya mutu. Sufeto ya ce, "Inna, koma ki zauna. Ban yi miki alkawarin komai ba sai gaskiya."

Mai Aski gajere ne mai faɗin baki, irin mutanen da ko a gaban alƙali sai sun yi burga. Da farko cewa ya yi shi ya ɗauki bidiyon da kansa, a cikin safa ya ɓoye waya.

"A cikin safa," in ji Sufeto. "To hoton daga saman fili aka ɗauko shi. Kai ne a maƙale a jikin silin?"

Nan Mai Aski ya shiga kame-kame. Da aka ambaci kotu sai gaskiya ta fara fitowa. Wata lamba ce da bai sani ba ta turo masa, aka ce kyauta ce daga masoyi, ya ɗora ya goge saƙon. Ya ɗora, ya goge. Ya san ba daidai ba ne, amma a ce shi ne farkon wanda ya nuna wa duniya faɗuwar Baƙin Hadari? Zuciyarsa ba ta iya haƙura ba.

Kofur, wanda ke rubuta bayani, ya buɗe wayar da aka ƙwace ya kunna abin da aka ɗora. Ɗakin ya cika da ihun Mai Aski: "Ya tafi! Jama'a ku kawo masa ruwa, ya tafi!" Mai Aski ya ɗan yi murmushi duk da halin da yake ciki. Ya ce bai taɓa ɗora bidiyo ba tare da ya ɗora muryarsa a kai ba, ai don ita ake bin shafin.

Kofur dai mayen kokawa ne, ko da yake yana ɓoyewa a gaban manya. Ya ƙura wa wayar ido ya ce, "Oga, da gyara. Guduma a gwiwar dama yake ɗaura bandeji, duk duniya ta sani. Nan kuma a hagu yake."

An juya hoton ke nan, dama ta koma hagu. Mai Aski ya rantse a haka ya zo masa, shi ko yadda ake yi bai sani ba. Sufeto ya dube shi ya yarda. Mutumin da ya ce a safa ya ɓoye waya ba shi da wannan dabarar.

Bayan azahar suka nufi kamfanin. Ɗakin tace bidiyo, inda ake ajiye asalin bidiyon wasan, yana ƙarshen wani dogon lungu, babu taga, sai allunan kwamfuta da kofunan shayi da suka bushe. Edita mace ce mai kaifin harshe. Ta ce ita kaɗai ke da makulli, kuma ko ƙuda ba ya shiga sai da izininta.

Sufeto bai musa ba. Ya sunkuya ya zaro wani kwali da aka ninke aka cusa a ƙarƙashin ƙofar, duk ya baje saboda daɗewa. Ya tambaye ta aikin me yake yi a nan.

Ta sauke murya. Na'urar sanyaya ɗakin ta lalace tun tuni, in ta rufe ƙofa kwamfutocin zafi suke yi su mutu. Don haka a buɗe take barinta, har lokacin da ta fita cin abinci. Ta roƙe shi kada Manaja ya ji.

"Wannan tsakaninku ne. Me ya sa mutum zai juya hoto?"

Ta yi bayani. Kamfanin ya sayi wata manhaja da ke bin shafuka da kanta, in ta ga bidiyonsu ta sa a sauke. Masu sata sukan juya hoto don su rikita ta, amma juyi kaɗai ba ya isa. Sai an yanke kusurwar da tambarin yake, an kuma rage gudun hoton kaɗan. Wannan kuwa ita da Tsintsiya kaɗai suka sani, don su suka gwada manhajar da aka kawo ta.

Sufeto ya tambaya, to in manhaja na aikin, shi Tsintsiya me yake yi? Edita ta taɓe baki. Ai har an yi maganar rufe ofishinsa a sallame shi. Sai ga bidiyo sun fara zillewa manhajar ɗaya bayan ɗaya, shi yana kamo su da idonsa. Manaja ya ce ashe na'ura ba ta kai mutum ba, aka bar maganar sallama.

A mota Kofur ya ce shi fa matar nan bai yarda da ita ba, ta yi ƙarya sau ɗaya. Sufeto ya ce kowa ya yi masa ƙarya yau, abin dubawa shi ne wa ƙaryar ta ciyar. Amma zato ba ya tsayawa a kotu, ya san haka. Da suka koma ofis ya jawo durowa ya ciro filash ɗin nan, ya sa a kwamfuta, ya ƙure sauti. Bai kai ƙarshe ba ya jingina da kujera ya ce a kira masa masu ƙara.

Suka zo da la'asar, Manaja yana tambaya ko an shirya takardun kotu. Sufeto ya ce saura tambaya ɗaya. Ya juya ga Tsintsiya.

"Wannan filash, daga ina ka ce ka samo abin da ke ciki?"

"Daga shafin mai askin, ranka ya daɗe."

"Ba ka taɓa shi ba? Ba ka cire komai ba?"

"Haba, hujja ce. Yadda na sauke haka na kawo."

Sufeto ya kunna na wayar Mai Aski, ihu ya cika ofis. Sannan ya kunna na filash. Hoto ɗaya ne, a juye, an yanke kusurwa, bandeji a hagu. Amma babu abin da ake ji sai tafin 'yan kallo da ƙirgar alƙalin wasa.

"Ina muryar Mai Aski?" in ji Sufeto. "Wanda ke ɗakin Edita ba a juye yake ba. Wanda ke shafi yana da murya. Wannan na tsakiya, a juye kuma babu murya, mutum biyu ne suka taɓa riƙe shi. Wanda aka tura wa ya goge nasa. Saura wanda ya tura."

Tsintsiya ya ce wataƙila wajen saukewa sautin ya ɓace. Sufeto ya ce ikon Allah, sauti ya ɓace ya bar tafi, ya zaɓi muryar mutum ɗaya ya tafi da ita. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi kwamfutar da ke cikin jakar, masu bincike za su duba.

Tsintsiya bai miƙa ba. Ya cire tabarau ya riƙe. Ya ce shi a aikinsa ba ya kunna sauti, hoto kawai yake dubawa, shi ya sa bai lura ya kwafo wanda bai dace ba. Ya ce shekarunsa sun ja, ina zai je in aka sallame shi? Shi so yake a ga amfaninsa kawai. A da iyakaci a rufe shafi, bai taɓa zaton Manaja zai kai maganar ga 'yan sanda ba.

"Amma da ya kawo, ka rako shi," in ji Sufeto. "Har da hujja."

Manaja ya zauna a karo na farko tun safe. Sufeto ya gaya masa Mai Aski ya yi kuskuren ɗora abin da ba nasa ba, an rufe shafinsa, za a ja masa kunne a rubuce. In kuma yana son kotu, sai ya shirya bayyana wa alƙali cewa ma'aikacinsa ne ya ɗana tarkon. Manaja ya ce a saki mutumin.

Kofur ya sa wa Tsintsiya ankwa ya tasa shi gaba. A bakin kanta suka yi kiciɓis da Mai Aski, ana miƙa masa makullin shagonsa, Inna na riƙe da gefen rigarsa. Ya ɗaga kai ya ga wanda aka ɗauro, sai ya tsaya cak.

"Alhaji? Kai ne?"

Tsintsiya ya sunkuyar da kai, Kofur ya wuce da shi ciki. Sufeto ya tambayi Mai Aski ko ya san shi.

Wannan karon babu burga a bakinsa. "Yallaɓai, kwastomana ne. Bai taɓa gaya mini aikinsa ba, shi ne ma yake cewa in kunna masa bidiyoyin shafina yana dariya. Shekara da shekaru ina ɗora aska a maƙogwaron mutumin nan, ko ƙwarzane ban taɓa yi masa ba."