Hancin Hulda

Mama Serah tana yankan citta a tsakar gidanta a Fadan Kagoma lokacin da ɗanta Andrawus ya shigo da fara'a, yana maganar kai gaisuwar aure gidan su Hulda, wata malamar firamare a Kafanchan. Uwar ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce matan zumunta sun ba ta labari a coci: yarinyar ta je Abuja an yi mata tiyatar hanci. Wadda ta raina aikin Allah a fuskarta, in ji ta, gobe mijinta za ta raina.

Da labarin ya kai wa Hulda, ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Andrawus ya ce su gaya wa Mama cewa hatsarin okada ne ya sa aka yi aikin, magana ta mutu. Hulda ta share hawaye ta ƙi. Ta ce ba za ta shiga gidan miji da ƙarya a baki ba.

Sai ta fara zuwa Fadan Kagoma duk Asabar. Ta durƙusa ta gaishe da Mama Serah, ta ɗauki wuƙa ta taya ta yankan citta, ko an amsa gaisuwar ko ba a amsa ba. Haka aka yi ta yi har citta ta bushe aka zuba a buhu.

Ran nan tsohuwar ta kasa daurewa, ta tambaye ta me ya kai ta yin tiyatar.

Hulda ba ta ɓoye komai ba. Ta faɗi yadda yara suka riƙa kiranta Murhu saboda faɗin hancinta tun tana firamare, har ta daina shiga hoto. Ta ce likitan ya auna faɗin hancin, ya gwada shi da tazarar idanunta, ya ce ba zai mayar da ita Baturiya ba. Ƙofofin kawai ya ɗan rage, ya ciro guringuntsi daga kunnenta ya ɗaga karan. Da kumburi ya saɓe aka sake aunawa, bambancin bai kai faɗin ƙwayar wake ba, amma tun daga nan take kallon mutane ido da ido.

Mama Serah ta jawo kunnen ta duba tabon, sannan ta ce:

"To jikokina fa, wane hanci za su ɗauko?"

"Na dā, Mama. Wuƙar likita ba ta kai ga jini."

Tsohuwar ta tuntsire da dariya har ɗankwalinta ya zame. "Su zo da shi! Kullum da safe zan gaya musu yana da kyau, mu ga ɗan da zai kira su Murhu. Tashi, 'yata, ki ɗora mana ruwan tuwo."

Bayan Kirsimeti aka ɗaura aure, Mama Serah ce ta buɗe filin rawa. Gaskiya da haƙuri sun buɗe ƙofar da ƙarya za ta kulle har abada, kuma duk mai yi wa yaro ba'a da halittarsa ya sani, raunin yana girma tare da shi.