Gwiwar da ta ƙi lanƙwasuwa

Sieni ce ta kwantar da Elekana a na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, ranar wata Talata a garin Logan. Ita ma'aikaciyar ɗakin hoto ce, shi ɗan dako a mayanka. Dukansu 'yan Samoa ne.

"Kada ka motsa, ƙato," ta ce.

"In kika daina kallona."

"Gwiwarka nake kallo. Ta fi fuskarka labari."

Hoton ya fito. Wani ƙashi ya tsiro a bayan gwiwar. Likita ya ce ba ciwon daji ba ne, amma guringuntsin ya cinye kamar na ɗan shekara sittin. Elekana yana da ashirin da bakwai.

Wata biyu bayan nan suka haɗu a coci. Daga nan saƙonni suka fara.

"Likitata, kin ci abinci?"

"Na ci, gurguna. Ka sa ƙanƙara a ƙafar?"

Ya je neman aurenta wurin mahaifinta, Manase. A gaban manya tanƙwashe ƙafa ake yi a tabarma. Wanda ya kasa sai ya nemi abin rufe ta. Elekana ya gwada, gwiwar ta ƙi. Girman kai ya hana shi roƙo. Ya miƙe ƙafar tsirara, tafinta na kallon tsohon.

Manase ya tashi ya fita.

"Ɗan fasto ma na neman aurenki, shi ya san zama," ya gaya wa 'yarsa.

Sieni ta san dalili, amma sirrin majiyyaci ne, ba ta da ikon faɗa. Ta rubuta masa: "Bakina a ɗaure yake. Naka fa?"

Kwana tara bai amsa ba. Gani yake ba a ba gurgu mata. Ran na goma ya ɗauki hoton ya koma, ya ajiye a gaban tsohon.

"Baba, ba raini ba ne. Ga shi nan."

Manase ya daɗe yana duban farin tsiron.

"Za ta warke?"

"Tsiron za a cire. Guringuntsin kuwa ba ya dawowa."

"Kenan 'yata za ta yi ta ɗawainiya da kai."

"Haka ne, Baba."

Tsohon ya jawo ƙaramar tabarma ya rufe masa ƙafar da hannunsa.

"Gaskiya ka faɗa. Allah ya yi muku albarka. Za ku buƙace ta."

Ranar ɗaurin aure Elekana ya tsaya a ƙofar coci, dogare da sanda. Mutane na ciki suna waƙa. Ya riƙe hannunta.

"Likitata, kin riga kowa ganin hoton nan. Kin san inda ƙafar za ta kai ni. In kika juya yanzu, ba zan ga laifinki ba."

Ta karɓe sandar ta miƙa wa ƙanwarta, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hannunsa.

"Ba zan juya ba. Taka mu shiga."