Rabin Mayafi

A ɗakin ajiyar gidan tarihi suka haɗu, ranar da sabon mai ɗaukar hoto ya kai hannu zai ɗaga wani tsohon mayafi. Mai kula da kayan saƙa ta buge hannun.

"Ina safar hannunka?"

"Afuwan, Kar-a-taɓa," in ji shi. Sunan ya bi ta, shi ma ya bi ta, har magana ta kai gaban manya.

Mayafin rabi ne. Ɗaya rabin yana wani gidan tarihi a ƙetare, kuma shekara da shekaru tana neman tallafin bincike ta je ta gwada su zare da zare. Kullum amsa ɗaya: a sake nema baɗi. Ta gaji har ta daina buɗe saƙon da zumuɗi.

Sai da aka sa ranar aure tallafin ya fito, da sharaɗin ta tafi a wannan zangon ko a ba wani.

Mahaifiyarsa ta ce sam. "Amarya ta bar ɗaki ta bi tsumma? Ga 'yar ƙanwata nan a zaune."

Daga ɗakin ajiya, ƙarƙashin fankar da ke kuka ba iska, ta tura masa saƙo: "Mai Hotona, na gaji. Zan ce su ba wani. Ba zan iya rasa ka ba."

Ya amsa: "Kar-a-taɓa, kar ki rubuta musu komai. Gobe ki tanadi safar hannu ta mutum biyu."

Washegari ya zo da mahaifiyar tasa, fuskarta a ɗaure. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta, ta sanya mata safa, ta janyo aljihun katakon da mayafin ke ciki a hankali. Tsohuwar ta daɗe tana bin bakin mayafin da yatsa, daidai inda almakashi ya ratsa zanen.

"Tun yaushe kike jira?"

"Tun kafin in san shi, Mama."

Tsohuwar ta numfasa. "Mace mai wannan haƙurin ba ta guje wa miji."

Aka matso da ɗaurin auren. A filin jirgi ango ya riƙe jaka kamar ba zai saki ba, sai da uwar ta fizge ta miƙa wa amarya.

"Je ki, 'yata, Allah Ya yi muku albarka. Shi ma ya ɗanɗana jira."