Ƙanƙarar Buɗa-baki

Arɗo Sambo bai tsaya sallama ba sai da ya dire kan mataccen maraƙi a gaban kanta, a caji ofis na Kalgo. Azumi ya kai tsakiya, ruwa ya cika fadama, Sufeto Garba kuwa mutum ne da fara'arsa ba ta fitowa sai an sha ruwa.

"Arɗo, nan ba mahauta ba ce."

"Na sani, Sufeto. Ciwon harbin daji ne. An yi musu allura, ga su suna faɗuwa kamar ba a yi ba. Maganin ne ya mutu kafin ya iso muna."

Shekarun baya makiyayan Diggi da Dangoma sun haɗa kai suka sayi wani tsohon jirgin ruwa mai inji da ɗan ɗaki, domin in damina ta raba su da hanya a kai musu allura har ruga. Maganin ba ya son zafi, sai cikin firji mai aiki da kananzir. Da tsohon firjin ya fara gardama, bana suka sayar da dabbobi aka sayo sabo daga Kano. Jirgin da firjin da maganin duka suna hannun Malam Ɗahiru, malamin dabbobi.

Jin sunan nan hankalin Sufeto ya kwanta. Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Gwandu, kwano ɗaya suka ci tun suna yawo ba wando. Tun da aiki ya kawo Garba Kalgo, Ɗahiru ne ke leƙa mahaifiyarsa, Inna Kubura.

Kafin azahar Ɗahiru ya iso a kan babur, fuska a ɗaure.

"Garba, an cuce ni. Isa bakanike na ba aikin ɗaura sabon firjin, ya ɗaura shi a karkace. Irin wanga firji in bai zauna daidai ba, ba ya sanyi. Ban lura ba sai da ɓarna ta auku."

"Za ka faɗi haka gaban alƙali?"

"Ko gaban wa." Ya sassauta murya. "Inna na gaishe ka. Kullum ina aika mata ƙanƙarar buɗa-baki, daga Birnin Kebbi nake sayowa cikin buhun ƙaiƙayi."

Sufeto ya yi godiya har da riƙe hannu, ya sa kofur ya kamo Isa. In ka ce a nan ya yi gaggawa ba ka yi masa ƙarya ba.

Isa ɗan tsamurmurin mutum ne mai baƙin mai a farce. Aka tambaye shi, idonsa na ƙasa.

"Kai ka ɗaura sabon firji?"

"Ni ne, ranka shi daɗe."

"A karkace?"

"Yadda Malam ya ce, haka ne."

Aka tura shi bayan kanta. Arɗo ya riga ya rantse sai an ɗaure wanda ya kashe masa maruƙa, kuma ga mai laifi ya amsa da bakinsa. Sai dai Sufeto ya daɗe a aikin nan, bai taɓa ganin bakanike ya yarda aikinsa ya ɓaci ba tare da ya ɗora wa kayan gyara ko aljanu ba.

Washegari da hantsi ya sauka bakin gulbi shi kaɗai. Jirgin na ɗaure a gindin giginya, fentinsa duk ya ɓare. Ya sunkuya ya shiga ɗan ɗakin, ƙofar ta goge masa kafaɗu biyu. Ga firji fari fat a kusurwa. Ya zuba ruwa a murfin gwangwani ya ɗora a kansa, ruwan ya tsaya daidai, bai karkata ko'ina ba.

Da ya fito, ya tarar da wata mai kifi ta baza kayanta a kan wani babban akwatin katako.

"Ina kika samo wannan?"

"Gidan sabon firjin ne, Yallaɓai. Nan mota ta sauke shi, Malam ya bar mini."

Ya auna cikin akwatin da kulkinsa, ya koma ya auna ƙofar ɗakin jirgin. Akwatin ya fi ƙofar faɗi da taƙi guda. Ya duba ƙusoshin da suka riƙe katakon ƙofar, tsatsa ta cinye kawunansu, babu wanda ya taɓa su tun zamanin mai jirgin na farko. Ya koma ciki ya karce gefen firjin da makulli. Farin fenti ya tashi, tsohon fenti ruwan ƙwai ya leƙo.

Ya sa aka fito da Isa, ya ajiye masa ɓawon fentin a kan tebur.

"Ta ina ka shigar da sabon? Ta taga?"

Hawaye suka zubo wa Isa.

"Ranka shi daɗe, ban ko taɓa sabon ba. Malam ya ce ya zo da lahani, ya maishe shi Kano. Ya ce in tada tsohon kafin a canzo. Mu in irin wanga firji ya daina sanyi, kife shi muke yi, kai ƙasa, ya wuni ya kwana, maganin cikinsa ya motsa. Na kife shi ya tashi. Na faɗa mai wanga tashi ba ya daɗewa. Ya ce in shafa fenti kada Fulani su tada hankali."

"Don me ka amsa laifin da ba naka ba?"

"Ya ce ku da shi uwa ɗaya ce ta goye ku. Ya ce in na amsa zai sa ku sake ni, in na musa babu mai yarda da ni a nan ofis."

Maganar ta soki Sufeto, domin gaskiya ce. Ya ɗauki hularsa ya kira direba da kofur.

La'asar sakaliya Landiroba ta shiga Gwandu. Ya fara sauka gida. Inna Kubura ta yi murna, ta jawo wani kwanon sha da aka naɗe da tsumma.

"Ka zo a sa'a, yanzu Binta ta aiko daga gidan Ɗahiru. Ɗan'uwanka bai taɓa fashi ba, Allah shi yi mai albarka."

Ya buɗe. Ƙanƙarar Birnin Kebbi ya san ta, dunƙule ce da ake fasawa da guduma, da ƙaiƙayi manne a jiki. Wannan kuwa 'yan ƙanana ce masu kusurwa huɗu, kansu ɗaya, tas da su. Ya mayar da murfin a hankali.

Binta, matar Ɗahiru, ta tarbe shi da "Sannu da zuwa, Yaya," ba ta san komai ba. Da ya ce yana son ganin firji, har da alfahari ta ɗaga labulen ƙuryar ɗaki. Ga shi nan dogo, sabo fil, 'yar wuta shuɗiya na ci a gindinsa.

"Kyauta ce aka yi wa Malam a wurin aiki," in ji ta.

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Ɗahiru ya shigo da dabino a hannu, ya ga labule a ɗage, ya tsaya cak.

"Garba, bari in yi maka bayani."

"Sufeto."

"Aro na yi. Na ga tsohon ya tashi, na ce zai kai ƙarshen damina, bayan Salla in mayar. Azumi da zafi, ga iyali, ga Inna..."

"Kada ka sa sunanta a ciki. Maruƙan Arɗo fa? Isa fa, da za a ɗaure a kan laifinka?"

Ɗahiru ya sunkuyar da kai. "Da an ɗan riƙe shi a sake shi. Na san in maganar ta zo hannunka, ba za ka duba ni ba."

Duk abin da ya gani a kwana biyun nan bai yi wa Garba ciwo kamar wannan ba. Ashe ba Fulani kaɗai aka shafa wa fenti ba, lissafin duka a kan amincinsa aka gina shi. Ya ji kunya, ya ji baƙin ciki.

"Kofur, sa masa ankwa. A kashe wutar firjin nan, a ɗora shi a mota."

Suna fitowa ladan ya kira magariba. Inna Kubura na tsaye a bakin zaurenta da kwanon nan a hannu, ta fito kiran 'ya'yanta biyu su sha ruwa. Ta ga ankwa, ta ga firji a bayan mota, ta dubi ɗanta.

"Garba, ka sha ko kurɓi ɗaya."

"Na Arɗo Sambo ne, Inna."

Ya karɓi butar direba da ta wuni a rana, ya yi bisimilla ya sha ruwan ɗumi, ya miƙa wa Ɗahiru sauran. Sannan ya ce a ja mota, akwai bakaniken da zai buɗe wa ƙofa a Kalgo.