Tsohuwar da Ta Yi wa Jaki Kirarin Sarki

A wani zamani, wani azzalumin sarki ya hana kowace waƙa sai ta yabonsa. Gari ya yi tsit.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da itace, ba ta da kowa sai jakinta. Kullum takan bi bayansa tana rera masa kirarin sarki: "Mai babbar murya, ka yi magana kowa ya yi shiru!" Jama'a suka yi ta dariya.

Sarki ya sa aka kamo ta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, waƙarka kaɗai ka bar mana, jakina kuwa sai da waƙa yake tafiya."

Aka ƙwace jakin, aka kore ta. Ta fita tana hawaye, tana waiwayensa, ba a sake ganinta ba.

Amma har sarkin ya mutu, bai ƙara yarda a yi masa kirari ba.